Richard St. Barbe Baker (1889–1982)

An haifi Richard St. Barbe Baker a Ingila a shekarar 1889. Ya yi karatun gandun daji a Jami'ar Kambirij, sannan ya kama aiki a Kenya, inda ya kafa ƙungiyar masu dashen itatuwa a 1922. Daga nan aka mayar da shi kudancin Nijeriya, ya yi aikin kula da dazuzzuka.

Abin lura game da rayuwarsa shi ne, bai ɗauki tsufa lokacin hutu ba. A 1952, yana da shekara 63, ya jagoranci wata tawaga suka ratsa Sahara a mota. Abin da ya gani na ƙauyukan da rairayi ke cinyewa ya sa ya ba da shawarar a shuka shingen itatuwa a bakin hamada. Ba a saurare shi ba a lokacin. Sai a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da irin wannan shiri, kuma Kano na cikin jihohin Nijeriya da ya shafa.

Ya rasu a Kanada ranar 9 ga Yuni, 1982, yana da shekara 92, kwana huɗu bayan ya dasa itaciyarsa ta ƙarshe.