Helen Keller: Yarinyar Da Iyayenta Ba Su Fid Da Rai Ba

An haifi Helen Keller ranar 27 ga watan Yuni, 1880, a garin Tuscumbia da ke Jihar Alabama a Amurka. Lafiyarta ƙalau aka haife ta. Tana da wata 19 a duniya wani zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Ta tashi daga ciwon, amma ba ta gani, ba ta ji.

Shekarun da suka biyo baya sun yi wa gidan tsauri. Helen ta ƙirƙiro alamomi kusan 60 da hannu don a gane abin da take so, amma ba su isa ba. Idan aka kasa fahimtarta sai ta yi ta kuka da birgima tana fasa kaya. Ba taurin kai ba ne, hanyar faɗin damuwarta ce ba ta da ita.

Mahaifiyarta, Kate, ta karanta labarin Laura Bridgman, wata makauniya kuma kurma da aka koya wa karatu. Wannan ya ƙarfafa mata zuciya. A 1886 aka kai Helen wurin likitan ido a Baltimore. Bai iya dawo mata da gani ba, amma ya tura su wurin Alexander Graham Bell, wanda ya ƙera tarho, kuma malamin kurame. Shi ya haɗa su da makarantar makafi ta Perkins a Boston.

Makarantar ta aiko da Anne Sullivan a watan Maris na 1887. Shekarunta 20, ita ma tana da raunin gani. Kullum sai ta sa wa Helen abu a hannu ɗaya, ta rubuta mata sunansa da yatsa a ɗaya tafin. Wata guda Helen tana kwaikwayo ba tare da ta gane ba. Wata rana a bakin famfo, ruwa na zuba a hannunta malamar na rubuta sunansa, sai ta gane cewa kowane abu yana da suna. A ranar ta koyi kalmomi 30.

Daga nan ta koyi rubutun makafi, ta kuma koyi magana. A 1904 ta sami digiri a Kwalejin Radcliffe. Ta rubuta littattafai, ta zaga ƙasashe fiye da 30 tana neman wa makafi da kurame haƙƙinsu. Malamarta ba ta rabu da ita ba har rasuwar malamar a 1936. Helen ta rasu ranar 1 ga watan Yuni, 1968, tana da shekara 87.

'Yan'uwa ɗalibai, idan a gidanku akwai ƙanin da ya makara wajen magana, tafiya ko fahimta, kada a ɓoye shi, kada a tsokane shi. Ku ba iyayenku wannan labari, a kai shi asibiti da wuri, a nemi malamin da ya dace, a kuma yi haƙuri da shi. Sannu ba ta hana zuwa.