Marigayiya Dakta Ladi Kwali: Maginiyar da Jami'a ta Yafa wa Alkyabba

A wannan fili na tarihin magabata an saba kawo mana rayuwar sarakuna da malamai da 'yan siyasa. Ni kuwa a wannan fitowa na ga ya dace in kawo tarihin wata baiwar Allah wadda ba ta yi karatun boko ba, amma aikin hannunta ya shiga zaurukan baje koli na jami'o'i da gidajen tarihi na ƙasashen duniya, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Wannan kuwa ita ce Ladi Kwali. Duk wanda ya juya bayan takardar naira ashirin, wadda muke kira 'yar Murtala, zai ga hotonta tana aikin wata ƙatuwar tukunya.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin al'ummar da aka fi sani da Gwarawa. A yau Kwali na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya. Sunanta irin namu ne na ranaku, wato wanda ake kiran 'yar da aka haifa ran Lahadi da shi. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana yarinya ta koye ta a hannun wata 'yar'uwar iyayenta.

Ya kamata in ɗan bayyana yadda wannan gini yake, domin a nan gwanintarta take. Maginiya kan ɗauki curin yumɓu ta ajiye, ta huda tsakiyarsa, sa'an nan ta riƙa jan gefensa sama da hannu. Tukunya tana zaune wuri ɗaya, maginiya ce ke kewaya ta. Idan gini ya tashi sai ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, tana shafewa, tana bugawa daga ciki da ɗan katako har cikin tukunya ya buɗe, kaurin bangonta ya zo daidai ko'ina. Babu ma'auni, babu magwaji, ido da hannu kawai. Kafin yumɓu ya bushe sai a yi masa ado. Ana mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan icen da aka yi wa tsaga a jikinsa don a fitar da layuka, sa'an nan a zana siffofi a tsakaninsu. Ladi ta shahara da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da tsuntsu da kifi. Bayan tukwane sun bushe sai a tara su a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta.

Da wannan hanya take gina randuna da tuluna da tukwanen girki da kasake. Tun ba a je ko'ina ba sunanta ya wuce kasuwar garinsu, har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ya sayi wasu daga cikin tukwanenta ya ajiye a gidansa don kyansu. Abujar da nake nufi ita ce Suleja ta yanzu, domin bayan gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 ne aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin.

Haɗuwarta da Cardew

A gidan Sarki ne wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta a 1950. Shi ma magini ne, almajirin shahararren maginin Ingila Bernard Leach, kuma ya taɓa aiki a Achimota da Vume a ƙasar Gana. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi ya zagaya ƙasa ya duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu mai kyau da ruwa da itace, ga kuma goyon bayan Sarki, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a 1952. Ɗaliban farko duk maza ne. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

A nan ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan haɗin da ke narkewa a wuta ya zama ƙyalli irin na tangaran, da gashi a cikin tanderu. Ta riƙa yin kwanuka da kofuna da farantai da butoci, tana kankare musu zanenta a jiki. Daga baya ita ma ta zama mai koyarwa a cibiyar, wato ta zama ma'aikaciyar gwamnati kamar da yawa daga cikinmu. Amma ba ta bar ginin hannu na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai yanzu da haɗin yumɓun cibiyar, a cika zanen da farar ƙasa, a shafe da ruwan ƙyalli mai duhu, a gasa a tanderu.

Akwai abin lura a nan. Randar gida tana sanyaya ruwa ne saboda wutar fili ba ta kai zafin da zai toshe ƙananan ƙofofin jikin yumɓu ba. Ruwa yana ɗan tsattsafowa, iska ta busar da shi, zafi ya tafi tare da shi. Ita kuwa wutar tanderu tana haura ma'aunin zafi 1,200, yumɓu ya haɗe ya yi tauri kamar dutse, ga kuma ƙyalli ya rufe shi. Saboda haka sabuwar randar Ladi ta yi nauyi, ta yi tsada, kuma ba ta sanyaya ruwa. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma abin kallo. Masana har gobe suna muhawara a kan wannan canji, wasu na ganin ci gaba ne, wasu na ganin an raba tukunya da aikinta. A nawa ganin duka biyun suna da gaskiya, sai dai ita Ladi ta riƙe siffar randar da zanenta yadda duk wanda ya san aikin Kwali zai gane asalinta da kallo ɗaya.

Baje Koli da Tafiye-tafiye

An baje kolin kayan cibiyar Abuja a zauren Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo da masu saye. An kuma nuna aikinta a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai a 1960. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, inda ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a makarantun fasaha, ciki har da ta Farnham, da kuma Wenford Bridge, wurin aikin Cardew. Ta je Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani magini ɗan Gana mai suna Kofi Athey, suna nuna aiki a kwalejoji da jami'o'i.

Irin wannan nuni shi ne laccarta. Ɗaliban da aka koya wa cewa sai da faifai mai juyawa ake samun tukunya mai daidaito, sai ga mace ta ɗauki curin yumɓu ta kewaya shi da ƙafa, a gaban idonsu randa ta tashi ba karkata. Abin da hannu ya nuna bai bukatar tafinta.

Zuwanta cibiyar ya buɗe wa wasu mata ƙofa, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓi jagoranci, Ladi kuwa ta ci gaba da aiki da koyarwa. Cikin waɗanda suka zauna a gabanta akwai Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda ta zo daga Farnham a 1974 ta koyi ginin hannu. Odundo ta zama ɗaya daga cikin fitattun magina na duniya, kuma a 2018 aka naɗa ta uwar jami'ar fasahar da makarantar Farnham ke ƙarƙashinta.

Ita da Zariya

Domin a gane nauyin digirin da aka ba ta, sai an waiwayi tarihin sashen koyar da zane da sassaƙa na Zariya. Sashen ya girmi jami'ar kanta, domin an dawo da shi daga Ibadan a 1955 a ƙarƙashin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya, ita kuwa jami'ar sai a 1962 aka kafa ta. Malaman farko galibinsu Turawa ne, manhaja ma irin ta Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Abin da suke kira a kai shi ne mai zane ya koyi dabarun zamani amma ya tsaya a kan gadon gidansu, ya haɗa biyun.

To, a wannan shekara ta 1958 da samarin Zariya ke muhawara a kan haka, randunan Ladi suna zauren Landan, kuma su ne ainihin abin da ake muhawarar a kansa: siffa da zane na Kwali, wuta da ƙyalli na zamani. Saboda haka lokacin da jami'ar ta yafa mata alkyabba a 1977, ina ganin shaida ta bayar cewa akwai ilimin da ake samu a bakin ramin yumɓu wanda ya kai a tsaya masa a zauren taro. Duk wanda ya taɓa shiga baje kolin ɗaliban shekarar ƙarshe a Samaru, ya ga tukwane da saƙa jere da zane da sassaƙa, ya san wannan shaida ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Lambobin Yabo da Rasuwarta

An ba ta lambar MBE ta Ingila a 1963. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da Nijeriya ke bayarwa don zurfin ilimi da fasaha, sa'an nan a 1981 aka ba ta OON. A farkon shekarun 1980 aka sa wa cibiyar Suleja sunanta. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew.

Bayan rasuwarta sunanta bai kwanta ba. Akwai titi mai sunanta a Abuja. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabuwar takardar naira ashirin ta leda mai ɗauke da hotonta. Tukwanenta suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da kuma taskar tukwane ta Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales, inda ɗalibai ke nazarinsu. A 2022 an yi wani babban baje koli a zauren Two Temple Place na Landan a kan mata baƙar fata masu aikin yumɓu, kuma da aikinta aka buɗe labarin. Abin takaici shi ne, ita cibiyar Suleja aikinta ya yi ta ja da baya bayan tafiyar Ladi, jaridu sun sha kawo labarin lalacewar gine-ginenta da tanderunta.

Kammalawa

'Yan'uwa, abin da ya sa na zaɓi wannan tarihi shi ne, mu da muka yi boko mun tashi da wani ma'auni wanda ke sa darasin zane da aikin hannu a ƙarshen layi. Yaro ya ce yana son ya karanta zane ko ginin tukwane a jami'a, sai uba ya ɓata rai, ya ce ya nemi abin da zai ci abinci da shi. Yanzu kuwa mu ne iyayen, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ne ke cike takardun neman shiga jami'a. Roba da ƙarfe sun kori randa daga gidaje da yawa, tsofaffin magina suna ƙarewa, kuma idan ba a sassan fasaha na jami'o'i da kwalejojin ilimi ba, wuraren da za a riƙe wannan sani kaɗan suka rage.

Ladi ta samu mai koya mata a gida, ta samu Sarkin da ya ga darajar aikinta ya ajiye, ta samu wurin aiki, ta samu zauren da aka nuna ta. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, da wataƙila randunanta sun fashe a bayan ɗaki babu wanda ya san sunan mai su. Don haka shawarata ita ce, duk wanda ke kusa da jami'a ko kwaleji, idan ya ji ɗaliban sashen fasaha za su baje kolinsu, ya daure ya je da iyalinsa. Wanda Allah ya hore wa ya sayi ko da kofi ɗaya ne. Malamanmu da har yanzu ke riƙe da alli kuma, muna roƙon ku riƙa lura da yaron da ke zane a bayan littafinsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa na baya albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.