Garnerin: Ya Tsira A Sama, Ajali Ya Riske Shi A Ƙasa

Mai karatu, duk mai dirowa daga jirgin sama da lema don nishaɗi, sawun André-Jacques Garnerin yake bi. An haifi wannan Bafaranshe a Faris a 1769. Ranar 22 ga Oktoba, 1797, balan-balan ya ɗaga shi kimanin mita 1,000, sai ya yanke igiya, ya sauko cikin kwandon da ke rataye da lema, tana ta lilo da shi, amma ya dira lafiya. A 1799 ɗalibarsa Jeanne Labrosse, wadda ya aura daga baya, ta zama macen farko da ta yi wannan bajinta. A 1823, yana haɗa sabon balan-balan a ƙasa, gungumen katako ya buge shi, rai ya yi halinsa. Lallai tsautsayi ba ya wuce ranarsa.