Robert Hooke, Mutumin da Ya Fara Ganin Ɗakunan Halitta

An haifi Robert Hooke a shekarar 1635 a ƙauyen Freshwater da ke tsibirin Wight a kudancin Ingila. Ya taso yaro mai yawan laulayi, amma hannunsa ya iya zane da ƙere-ƙere. Yana da shekara 13 mahaifinsa ya rasu, sai ya tafi Landan neman ilimi, daga nan ya wuce Jami'ar Oxford, inda ya zama mataimakin masani Robert Boyle.

A 1665, zamanin Sarkin Kano Bawa, Hooke ya wallafa littafinsa Micrographia, cike da zanen abubuwan da ya gani ta madubin ƙara girma, har da ƙuma da idon ƙuda. A ciki ya bayyana yadda ya yanko siririn ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya leƙa, ya tarar da ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Ya sa musu suna sel, daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki. Su ne muke kira ƙwayoyin halitta a darasin bayoloji.

Sai dai ɓawon matacce ne, don haka bango kawai Hooke ya gani. Kamar baƙo ne ya iso Kano ya ga ganuwa, bai ga Kurmi ba, bai ga fada ba, bai ga masu shige da fice ta Ƙofar Mata ba. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka gano cewa a bayan bangon ƙwayar tsiro akwai wani siririn tantani mai aikin sarkin ƙofa: ya bar wani abu ya wuce, ya tare wani. A 1826 Bafaranshe Henri Dutrochet ya bayyana yadda ruwa ke ratsa irin wannan tantani zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Shi ya sa yankakken kokwamba ke yin ruwa idan an barbaɗa masa gishiri. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka nuna cewa tsirrai da dabbobi duk da ƙwayoyin nan aka gina su.

Bayan gobarar da ta cinye Landan a 1666, Hooke ya taimaka wajen awon filaye da sake gina birnin. Ya kuma yi doguwar jayayya da Isaac Newton. Ya rasu a 1703, kuma babu wani tabbataccen hotonsa da ya rage.

'Yan'uwa ɗalibai, ranar da malam ya ɗora fatar albasa a ƙarƙashin madubi, kada a tsaya a baya. A matso a leƙa, a zana abin da ido ya gani, kamar yadda Hooke ya yi.