Alhaji Abubakar Imam, Marubuci

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, a ƙasar Nijeriya, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya zama malamin makaranta.

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. A lokacin nan mutane da yawa suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai dace da malami ba. Imam bai saurari wannan magana ba. Ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi, mutane suka yi ta karantawa suna dariya.

Amma akwai shawarar da ya bi. East yana son a yi rubutu da Hausa mai sauƙi, irin wadda ake magana da ita. A shekarar 1936 ya kira Imam Zariya, ya ba shi littattafan labarun Larabawa da na Turawa. Imam bai kwafe su ba. Ya sake ƙera su, ya sa musu sarakuna da kasuwanni da karin magana na ƙasar Hausa. Da haka aka sami Magana Jari Ce, littafi uku.

A shekarar 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a shekarar 1981.

Tambayoyi
1. Wace magana Imam ya ƙi bi?
2. Wace shawara ya bi, kuma me ta haifar?