Gilbert Lewis: malamin da ya gano sirrin haɗuwar ƙwayoyin ruwa, amma Nobel ta wuce shi

Duk ɗalibin da ya shiga lise a Madarunfa ko a Maradi yana gamuwa da wani zane a darasin ilimin sinadarai: harafin O a tsakiya, H biyu a gefensa, da ƴan ɗige-ɗige ko gajerun layuka kewaye da su. Wannan shi ne hoton ƙwayar ruwa, irin ruwan da ke cikin tafkin Madarunfa da na randar tsakar gida. Malamai suna kiransa zanen Lewis. Ɗalibai da yawa suna haddace shi saboda jarrabawa, ba su san labarin mai sunan ba, mutumin da aka gabatar sau 41 don lambar yabo ta Nobel amma bai taɓa samunta ba.

An haifi Gilbert Newton Lewis a watan Oktoban 1875 a garin Weymouth da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Mahaifinsa lauya ne, kuma a gida iyayensa suka fara koya masa karatu. A 1884 iyalin suka koma Nebraska. Daga can ya wuce jami'ar Harvard, inda ya samu digirin dakta a 1899. Ya ƙaro ilimi a Jamus wajen manyan malamai biyu, Wilhelm Ostwald da Walther Nernst. Zamansa da Nernst bai yi daɗi ba, kuma ƙiyayyar da ta shiga tsakaninsu ta bi shi har tsufa.

A lokacin, masana sun san cewa kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atom, kuma atom yana riƙe ɗan'uwansa kamar da hannu: idrojen yana da hannu ɗaya, oksijen biyu, azot uku, karbon huɗu. Abin da ya gagare su shi ne sanin mene ne hannun. A 1897 Baturen Ingila J. J. Thomson ya gano elektron, ɗan ƙaramin yanki mai ɗauke da lantarki da ke cikin kowane atom. A 1902, Lewis yana ƙoƙarin fahimtar da ɗalibansa na Harvard, sai ya zana atom kamar akwati mai kusurwa takwas, ya ɗora elektron a kan kusurwoyin. Atom ɗin da kusurwoyinsa takwas suka cika, ya natsu, ba ya neman kowa. A cikin aji aka haifi wannan tunani, kuma ya shekara 14 a cikin takardunsa bai wallafa shi ba.

A tsakanin nan ya yi aiki a Manila ta ƙasar Filifin a 1904 yana kula da ma'aunai, ya koyar a cibiyar MIT daga 1905, sannan a 1912 aka ba shi shugabancin sashen sinadarai na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A shekarar ne kuma ya auri Mary Sheldon, suka haifi ƴaƴa uku.

Zanen akwatin ya yi bayanin gishiri ba wahala. Sodiyom yana da elektron ɗaya da ya yi masa yawa, kulor kuma ɗaya ya rage masa ya cika takwas, sai wannan ya bayar, wancan ya karɓa. To amma idan atom biyu iri ɗaya ne, kamar idrojen da idrojen, wa zai bayar, wa zai karɓa? A 1916 Lewis ya wallafa amsarsa: babu mai bayarwa, tarayya suke yi. Kowanne ya kawo elektron ɗaya, biyun su zauna a tsakiya, kowane atom yana ƙirga su a nasa. Kamar manoma biyu ne da kowa ke da sa ɗaya, suka haɗa su a garma guda: kowa ya samu shanun huɗa, kuma ba mai iya tafiya ya bar ɗan'uwansa. Wannan tarayya ita ce hannun da ake nema.

Da wannan ƙa'ida ake fahimtar abubuwan da ke gabanmu kullum. A ƙwayar ruwa, oksijen yana tarayya da idrojen biyu. A metan, iskar da ke tashi daga kashin shanu idan ya ruɓe, karbon ɗaya ne ke riƙe da idrojen huɗu. Azot, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, atom biyu ne masu ɗauri uku a tsakaninsu. Ɗaurin ya yi ƙarfin da gero da dawa ba sa iya kwance shi, shi ya sa manomi ke sayen takin zamani alhali azot na kewaye da gonarsa.

Ɗaurin cikin ƙwaya yana da ƙarfi, amma jan da ke tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta rarrauna ne. Dalili ke nan ƙananan ƙwayoyi ke saurin zama iska. Gishiri sai zafi ya kai digiri 801 yake narkewa, amma butan da ke cikin tukunyar gaz ta girki, da an buɗe masa hanya sai ya tashi. Ruwa ne ya fita daban. Nauyin ƙwayarsa 18, na metan 16, kusan ɗaya, amma metan yana tafasa tun a digiri 161 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai a 100. A 1920 wasu matasan masana biyu na sashen Lewis, Wendell Latimer da Worth Rodebush, suka yi amfani da zanensa suka bayyana dalili: elektron ɗin oksijen da ba su shiga tarayya ba suna jan idrojen na ƙwayar da ke kusa, sai ƙwayoyin ruwa su riƙe juna. Ba don wannan riƙo ba, da babu tafki a Madarunfa, babu kifi, babu rijiya.

Da farko ba a kula da takardar 1916 ba, kuma yaƙin duniya na ɗaya ya kai Lewis Faransa, inda ya horar da sojoji kan kare kai daga iskar guba. A 1919 Irving Langmuir na kamfanin General Electric ya ɗauki tunanin ya faɗaɗa shi, ya raɗa masa sunan kobalans da ake koyarwa yau. Langmuir gwanin magana ne, ya zaga yana lacca, har mutane suka fara jingina masa aikin. Lewis, mutum mai gudun taro, abin ya ci masa rai. A 1923 ya fitar da littafinsa kan ɗaurin atom, da wani kan zafi da makamashi tare da Merle Randall. Shi ne ya kawo kalmar foton a 1926, kuma a 1933 shi ya fara tace tsantsar ruwa mai nauyi.

Nobel dai ta yi ta wuce shi. Langmuir ya samu a 1932 kan wani aikin dabam. Harold Urey, wanda ya yi digirin dakta a ƙarƙashinsa, ya samu a 1934. Masu binciken tarihi da suka duba takardun kwamitin Nobel sun gano cewa wani abokin Nernst, Wilhelm Palmær, ya sha rubuta rahoton da ke rage darajar aikin Lewis. Bayan Urey, wasu huɗu da suka taso ko suka yi aiki a sashensa sun karɓi lambar: Giauque, Seaborg, Libby da Calvin. Linus Pauling ma, wanda ya samu a 1954, ga Lewis ya sadaukar da shahararren littafinsa na 1939.

Ranar 23 ga Maris 1946, bayan ya ci abincin rana a zama ɗaya da Langmuir, Lewis ya koma ɗakin bincikensa. Wani ɗalibinsa ne ya tarar da gawarsa a ƙasa, ɗakin cike da tururin guba mai suna siyanur na idrojen da yake aiki da ita. Likitan da ya duba gawar ya ce ciwon zuciya ne, wasu abokan aikinsa kuma suka yi zargin shi ya kashe kansa. Yana da shekara 70. Gubar ita ma ƙaramar ƙwaya ce mai atom uku, idrojen, karbon da azot, da ɗauri uku tsakanin na biyu da na uku. Ɗalibin lise a Madarunfa zai iya zana ta a kan allo cikin minti ɗaya, da ɗige-ɗigen da marigayin ya bari.