Marcus Licinius Crassus

Marcus Licinius Crassus (an haife shi wajajen shekara ta 115, ya mutu a shekara ta 53 kafin Miladiyya) ɗan siyasa ne kuma kwamandan yaƙi a Jamhuriyar Rum. Ana yi masa kallon attajirin da ya fi kowa dukiya a Rum a zamaninsa. Duk shekarun da ke ƙasa na kafin Miladiyya ne.

Farkon rayuwa

Mahaifinsa, Publius Licinius Crassus, ya riƙe muƙamin konsul, wato ɗaya daga cikin shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara, a 97. Lokacin da Marius da Cinna suka ƙwace birnin Rum a 87, mahaifin nasa da wani ɗan'uwansa suka rasa rayukansu. Crassus ya gudu Sifaniya, inda Plutarch ya ce ya yi wata takwas a ɓoye cikin kogo. Daga baya ya tara mayaƙa ya bi Sulla. Shi ne ya ja ɓangaren dama na rundunar Sulla a yaƙin Ƙofar Collina a 82.

Tara dukiya

Bayan nasarar Sulla an ƙwace kadarorin abokan hamayya aka yi gwanjonsu, Crassus ya saye da yawa a araha. Yana da bayi magina sama da 500. Idan gobara ta tashi, sai ya taya gidan da ke ci da na maƙwabta a ƙaramin farashi, ya sake gina su. Ya kuma mallaki gonaki da ma'adinan azurfa. A cewar Plutarch, dukiyarsa ta tashi daga talanti 300 zuwa 7,100.

Yaƙin Spartacus

A 73 bayi suka yi tawaye ƙarƙashin Spartacus, suka yi ta cin rundunonin Rum. Da aka miƙa wa Crassus yaƙin, ya hukunta wata ƙungiyar sojojinsa da ta gudu daga fagen fama ta hanyar kashe mutum ɗaya cikin kowane goma. Ya murƙushe tawayen a 71, aka gicciye kamammu 6,000 a kan hanyar Appia, daga Capua zuwa Rum. Pompey, wanda ya gama da waɗanda suka tsere, ya yi iƙirarin shi ya ƙare yaƙin. Wannan ya ƙara gaba a tsakaninsu, duk da haka tare suka zama konsul a 70.

Ƙawance da Kaisar da Pompey

A 61 Crassus ya tsaya wa Yuliyus Kaisar a kan bashin talanti 830. Jim kaɗan bayan haka su biyun suka haɗa kai da Pompey, suka riƙa juya siyasar Rum. A 55 Crassus ya sake zama konsul tare da Pompey, aka ba shi lardin Siriya.

Mutuwarsa

Dukiya bai rasa ba, amma bai samu sunan yaƙi irin na abokansa biyu ba, don haka ya shirya kai wa daular Parthia hari. Sarkin Armeniya, Artavasdes, ya ba shi shawara ya bi ta duwatsun ƙasarsa, ya ƙi. Ya haye Kogin Furat da mayaƙa wajen 40,000.

Kusa da Carrhae, wato Harran ta Turkiyya a yau, Surena ya tare shi da mahaya 10,000, mafi yawansu 'yan baka, ga raƙuma na kawo musu kibau. An kashe ɗansa Publius. Romawa kimanin 20,000 suka mutu, aka kama 10,000. Shi kuwa Crassus an kashe shi a wurin zaman sulhu da ya rikiɗe ya zama faɗa. Cassius Dio ya ruwaito cewa an zuba wa gawarsa narkakken zinariya a baki don yi wa kwaɗayinsa ba'a.

Bayan mutuwarsa dangantakar Kaisar da Pompey ta ƙara lalacewa, har yaƙin basasa ya ɓarke a 49. Sai a shekara ta 20, zamanin Augustus, aka mayar wa Rum tutocin da aka ƙwace a Carrhae.